Sharar Ɗakin Ajiya a Farkon Muharram

Muharram ya kama, watan da Sahabbai suka zaɓa ya zama farkon shekara a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. A nan birnin Shehu mun saba tarbarsa da cika-ciki, a ɗauko jelar ragon Layya a dafa. To, tun da an buɗe ɗakin ajiya, ya kamata mu dubi sauran abin da ke ciki.

Ma'aikaci ya buɗe akwatinsa. Rigar da ta shekara biyu ba ta ga rana ba, asu ke cinta, alhali maƙwabcinsa yana zuwa Juma'a da tsumma. Tufafin sawa babu zakka a kansu, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Tsofaffin takardu masu ayoyin Alƙur'ani kuwa, kada a zubar a juji. A ƙone su, ko a binne a wuri mai tsarki.

Hukuncin ɗan kasuwa ya fi nauyi. A mazhabar Imamu Malik, mai saye da sayarwa kullum zai yi wa hajarsa ƙima idan shekararsa ta zagayo, har da wadda ta yi kwantai, ya haɗa da kuɗin hannu. In sun kai nisabi, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta 2021 ta nuna mana yadda tarin shekaru kan zama toka a wuni guda.

Daga ƙarshe, mu mayar da kayan aro da ajiyar mutane, kada su wayi gari cikin gadon 'ya'yanmu. Allah Ya sa mu dace, amin.