Me ya sa gindin tumatir ke yin baƙi a gonar mai kaji da kifi?

Da yawa daga cikinmu na haɗa kiwo da ɗan noman rani: ruwan kwamin tarwaɗa a juya wa tumatir, kashin kaji a zuba a matsayin taki. Dabara ce mai kyau, amma akwai inda take cizo. Sai ka ga shuka ta yi kore shar, 'ya'ya sun fito, kwatsam gindin tumatirin, wurin da fure ya faɗi, ya yi baƙi ya lotsa. Mutum ya ruga ya sayo maganin feshi. Asarar kuɗi ce kawai, domin ba ƙwaro ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba. Ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatirin.

Sau da yawa ma kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, isarsa ce ta gagara. Shi ruwa yake bi daga saiwa zuwa sama, ruwan kuwa ya fi karkata ga ganye, saboda ganye ne ke fitar da danshi cikin rana. Ɗan tumatir ragowa yake samu, gindinsa kuma shi ne na ƙarshe a rabo. Wanda ya shiga ganye ya shiga ke nan, ba ya dawowa. Shi ya sa fesa kalsiyam a ganye ba ya tsinana abin kirki.

To, ina gishiri ya shigo? Idan ya yi yawa a ruwan da ke kewaye da saiwa, sai ta kasa tsotsar ruwa sosai ko da ƙasar a jiƙe take. Ruwa ya ragu, kalsiyam ya ragu. Sannan sodiyam da amoniya suna tare masa hanya a bakin saiwa. Ɗanyen kashin kaji cike yake da amoniya da gishiri. Ruwan kwamin da ka zuba wa gishiri don yi wa kifi magani kuwa, don Allah kada ya kusanci tumatir.

Da mitar EC ake auna wannan. Idan gishirin ƙasa ya haura 2.5, amfanin tumatir kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane ƙarin 1. Gaskiya ɗan gishiri na ƙara wa tumatir ɗanɗano, amma 'ya'yan kan ƙanƙance, kuma dillali girma yake dubawa a kwando.

Makonni biyu zuwa uku bayan faɗuwar fure ne lokacin haɗari, musamman ga dogon tumatir irin Roma. A wannan tsakanin a riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta. Kashin kaji a bar shi ya ruɓe tukuna. Waɗanda suka riga suka yi baƙi a tsinke su, ba sa warkewa.