Fijon Gado: Yadda Sabon Hannu Ke Koyon Gyaran 504 a Gida

A unguwannin Kubwa da Lugbe, inda ma'aikatan tarayya da yawa ke zaune, akan ga tsohuwar Peugeot 504 a lulluɓe da tamfol a gefen gida, galibi gadon mahaifi ce da aka kasa rabuwa da ita. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma daga 1975 kamfanin PAN ya riƙa harhaɗa ta a Kaduna, har ta zama motar manyan jami'an gwamnati na wancan zamani. Hausawa suka raɗa mata suna Fijo.

Abin da ke jan ma'aikaci ya ɗauki sifana da kansa shi ne tsadar gareji da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Sa'arsa ita ce 504 ba ta da kwamfuta a cikinta. Kafireta ce ke haɗa fetur da iska, kwantak da filogi ke ba da wuta, kuma duk wannan ido na gani, hannu na kaiwa.

Mai koyo yakan so ya ji ƙarar inji tun ranar farko, kuma nan ne ake yin ɓarna. Motar da ta shekara a ajiye, fetur ɗinta ya lalace ya toshe kafireta, baƙin mai ya yi kauri. Sai an zubar da su, an wanke tanki, an duba lagireto da fanbel, kafin a murɗa makulli. Wayoyin filogi kuwa a yi musu alama kafin a zare su, domin in suka sauya wuri inji ba zai tashi daidai ba.

Birki ne ke da rai a cikinsa. Man birki yana shan danshi, robobin bututunsa suna tsagewa da tsufa ko da motar ba ta motsa ba. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, sai ya kafa mata matokari na ƙarfe.

Kayan gyara ana samunsu a Apo, wasu kuma sai an je Panteka a Kaduna. Masu wayo sukan tafi da tsohon ƙarfen a hannu don a gwada, su kuma nemi dattijon bakanike ya duba aikin birkin kafin motar ta hau titin filin jirgi.