Gishiri a Cikin Ƙasa: Wane Itace Zai Jure?

Kaduna ba ta da teku, amma batun gishiri a cikin ƙasa ya shafe ta. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, Kakuri ta zama cibiyar saƙa da rini. Rinin zamani kuwa yana cin gishiri mai yawa domin launi ya kama zare, a wancan lokacin kuma ragowar ruwan yakan bi lambatu zuwa Kogin Kaduna, masu lambu suna ɗiba a hanya. Masaƙar ta rufe a 2002. Sai dai ko ruwan rijiya ma yana ɗauke da ɗan gishiri. Idan ana ban ruwa da rani, rana takan ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna a ƙasa.

Me gishiri ke yi wa shuka? Ɗalibi zai iya gwadawa a gida. Yanka dankali biyu, ka sa ɗaya a ruwan sha, ɗaya a ruwan gishiri. Bayan awa guda na biyun zai yi laushi, domin ruwa yakan gudu zuwa inda gishiri ya fi yawa. Haka saiwa take shan wahala: ƙasa a jiƙe, amma shuka tana fama da ƙishirwa, bakin ganyenta yana ƙonewa. Albasa da karas da lemo ba sa jimiri ko kaɗan.

Makarantar da harabarta ke da irin wannan ƙasa ba ta buƙatar neman iri daga nesa. A Bilma ta Jamhuriyar Nijar, inda ake haƙar gishiri, dabino yana tsaye yana 'ya'ya. Goruba da aduwa ma suna jurewa. Bagaruwa kuwa, wadda majema suka fi kowa sanin darajarta, har dasa ta ake yi a Indiya don farfaɗo da ƙasa mai kanwa. Filin wasa kuma a shimfiɗa masa ciyawar ƙiri-ƙiri.

A ganina, baƙon iri shi ne abin tsoro. A 1906 aka kawo wani irin giginya mai suna nipa daga Asiya zuwa Kalaba. Ya jure ruwan bakin teku mai ɗan gishiri ƙwarai, har ya mamaye gaɓar ruwa, ya ture itatuwan asali waɗanda ƙananan kifaye ke fakewa a cikin saiwoyinsu.

In za a yi dashe, a jira damina ta kankama, ruwan sama ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi.