Gadali da Inuwar Itatuwan Gezawa

Shirin na yau ya nufi ƙasar Gezawa, arewa maso gabas da birnin Kano, inda gonaki suka haɗe da juna har babu sauran daji, sai itatuwan da manoma suka bari da gangan a tsakiyar shuka, wato gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka. Wannan tsari ne ya ja hankalin masani Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano, ciki har da ƙauyen Tumbau.

Masu lambu a Turai sukan dasa furanni masu jure inuwa a gindin itatuwa domin su lulluɓe ƙasa, su danne ciyawa, su kuma farfaɗo kowace shekara ba tare da an sake shuka su ba. Wanda ya so kwaikwayon hakan a Gezawa zai tarar cewa inuwa ce mafi sauƙin matsalolinsa, domin damina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba, kuma da zarar an kwashe amfanin gona sai a saki awaki da tumaki. Inuwar ma iri-iri ce: gawo yana zubar da ganyensa da damina, shi ya sa gero da dawa suke yin kyau a ƙarƙashinsa, kuma manomi ba zai ba fure wurin ba. Abin da ya rage shi ne gindin tsamiya da ɗorawa da mangwaron bayan gida, inda hatsi ba ya yin kirki.

Tsiron da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne gadali, sunan da ake kiran tsire-tsire da dama masu kai irin na albasa, cikinsu har da albasar kwaɗi, wadda masana suke sawa cikin dangin Crinum, kuma masani J. M. Dalziel ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na 1916. Kan da ke cikin ƙasa shi ne rumbunsa, domin a nan yake ajiye ruwa da abinci, ganyen ya bushe da rani, ruwan farko na sauka ya toho, daga baya ya fitar da farin fure mai jan zane.

Ana raba 'ya'yan da suka fito a jikin uwar a farkon damina, a dasa su can bakin inuwa inda hasken safiya yake kaiwa, nesa da gindin da saiwoyi suke shanye laima, a zuba taki wanda ya ruɓe, a kewaye da ƙaya. Da rani kuwa busasshen ganyen itacen ne kaɗai zai rufe ƙasar, idan an daure an bar share shi, ko da yake gara za ta ci rabonta. Wajibi ne kuma masu sauraro su sani cewa kan gadali yana da dafi, saboda haka ba a ajiye shi kusa da albasar miya ko inda hannun yara zai kai.