Na'urar da ke karanta wa Baba takarda



Shekara talatin da ɗoriya mahaifina ya yi yana koyarwa a makarantun boko na yankin Maradi, kuma tun tasowarmu shi ne mai karanta wa unguwa wasiƙa. Yau hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganinsa, ko manyan baƙaƙe ba ya rarrabewa. Bai taɓa kokawa da ciwon ba. Abin da na lura yana ci masa rai shi ne ranar da takardar fansho ko sakamakon asibiti ya zo, sai ya kira jikansa ɗan aji shida ya karanta masa, yaron ya ji abin da bai kamata ya ji ba, kafin magariba kuma labari ya isa madafa. Wannan ne ya sa na karɓe kwamfutar gida daga hannun yara, waɗanda suka mayar da ita abin kallon fim, domin in gwada abin da nake ji ana faɗi, wai tana karanta rubutu da murya, tana kuma rubuta abin da aka faɗa mata.

Ayyuka biyu ne daban, ko da yake mutane kan haɗa su. Na farko shi ne mayar da rubutu magana, na biyu mayar da magana rubutu, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. A 1952 masana a Amurka sun ƙera na'urar da ba ta gane komi sai lambobi daga sifiri zuwa tara. Sai a 1997 aka fara sayar wa masu kwamfutar gida manhajar Dragon NaturallySpeaking, wadda mutum ke iya yi wa shifta ba tare da ya tsaya bayan kowace kalma ba. Yanzu kuwa dukan ayyukan biyu suna cikin Windows tun daga kanti, galibinmu ba mu sani ba ne kawai.

Da karatu muka fara. Na saka NVDA, manhajar kyauta da wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara rubutawa a 2006 domin masu larura irin tasa. Tana faɗin duk abin da ke kan allo, har da maɓallin da yatsa ya taɓa. Takardar da ta zo a ambulan sai an ɗauki hotonta an mayar da shi rubutu tukuna, wannan kuwa aikina ne. Da na buɗe takardar fansho, muryar mace ta soma karantawa da Faransanci tsab, Baba ya yi shiru har ta kai ƙarshe, sa'annan ya ce in rage mata sauri ta maimaita. Gyara ɗaya ya yi mata, a kan sunan ƙauyenmu. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin nan ranar ji ne ya tsaya a madadin gani. Cikin sati biyu ya haddace maɓallai huɗu da yake bukata: na farawa, na tsayarwa, na komawa layin baya da na ci gaba.

Larabci ma ba laifi in rubutun yana da wasali. In babu, na'urar kan yi ta cankar ƙarshen kalma, ta ɗaukaka abin da ya kamata ta karye. Baba ya yanke hukunci nan take cewa labarai da wasiƙu ta karanta, Alƙur'ani kuwa yana da muryoyin mahaddata da aka naɗa, ba ya bukatar ƙira'ar ƙarfe.

Sai muka zo kan Hausa, inda dariya ta kusa kashe yara. Na ba muryar Faransanci wasiƙar ƙanen Baba, ita kuma ta bi ƙa'idar harshenta: "gida" ya koma "jida", "ciki" ya koma "siki", "kai" ya zama "ke", sunan harshen kansa ya fito "oza". Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, wani lokaci ta tsallake su, wani lokaci ta tsaya tana faɗin sunansu. Ba laifinta ba ne, ba a koya mata ba. Na nemo a intanet wata murya da aka horar da Hausa, kuma gaskiya ta fi, domin ana gane maganarta. Amma can ma akwai gargada, kuma tushenta yana cikin rubutunmu ne. Mu ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a boko. "Gari" na zama da "gari" na tuwo baƙaƙensu ɗaya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Bahaushe na karantawa ya san wanda ake nufi, domin ma'anar jimlar tana kansa. Na'ura kuwa sai ta yi zato, kuma da ta karanta cewa an kai gari niƙa, ta faɗe shi da karin da ya sa Baba ya tambaya ko da masallacin Juma'a aka kai.

Shifta ta fi ba mu aiki. Da Faransanci, in an rufe ƙofa, an kashe fanka, an kawo abin magana kusa da baki, takan rubuta jimloli masu kyau, musamman ga mutum irin Baba da ya saba yi wa ɗalibai shifta dalla-dalla. Sunayen mutane da na garuruwa ne take lalatawa, tana neman kalmar Faransanci mafi kusa ta ajiye a gurbinsu. Kukan akuya ɗaya a tsakar gida ya isa ya ƙara wa wasiƙa kalmomi uku. Da Hausa kuwa, manhajar da na gwada takan kama gaisuwa da kalmomin yau da kullum, amma da Baba ya saki harshensa na gida, yana "shina zuwa" yana "hwaɗa mishi", sai ta ɓace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lissafi. Ya faɗi "dala ɗari biyar", ta rubuta 500, alhali a ƙidayarmu kuɗin 2.500 ne na sefa. Tun daga ranar na kafa doka: duk takardar da ke ɗauke da kuɗi, kwanan wata ko ƙa'idar shan magani, sai idon mutum ya bi ta kafin ta fita.

Dalilin wannan bambanci tsakanin harsuna ba boyayye ba ne. Na'urar tana koyo ne daga muryoyin da aka naɗa tare da rubutunsu. Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 an horar da ita da sa'o'i 680.000 na magana, kusan kashi biyu cikin uku na Ingilishi ne, rabon Hausa kuwa ɗan kaɗan. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin da ya shafi harsuna sama da 1.100, har da Hausa, kuma saboda ƙarancin abin koyo ya dogara sosai ga karatun Sabon Alkawari da aka naɗa cikin harsunan. Tun 2017 gidauniyar Mozilla ta buɗe shirin Common Voice, inda kowa ke iya karanta gajerun jimloli ya ba da muryarsa kyauta, kuma Hausa na ciki. A ganina in mutanen Tawa, Damagaram da Dogon Dutsi ba su sa bakinsu ba, na'urar za ta ci gaba da jin Hausar rediyo kaɗai. Ɗiyata ta riga ta fara, tana karanta jimla ashirin bayan sallar isha'i in akwai wuta.

Akwai kuma abin da ya kamata maigida ya sani. Da yawa daga cikin manhajojin shifta ba cikin kwamfutarka suke aikin ba, aika muryar suke yi ta intanet zuwa na'urorin kamfani, rubutun ya dawo. Da na bayyana wa Baba haka sai ya ce:

"To, na gudu daga kunnen jika na faɗa kunnen wanda ban sani ba ke nan?"

Na ce masa NVDA da muryar da ke cikin kwamfutar ba su bukatar intanet, shifta ce ke fita waje. Ya ce to a bar shifta ga gaisuwa da ban gajiya, maganar gado da ta bashi ni zan riƙa rubuta masa da hannu.

Haka muke tafiya yanzu. Ranar da takarda ta zo daga ofis, nakan ɗauki hotonta ba tare da na karanta ba, in sa masa abin ji a kunne, in ja masa ƙofa. Wasiƙun Hausa kuwa har yau jikan nan ne ke karanta su, kuma kakansa ya ƙara masa lada daga dala biyar zuwa dala goma.