Mahaucin Da Ya Kawo Ƙarshen Zakaran Damben Ingila

Mu da ke fatauci tsakanin Agadas, Assamaka da Tamanrasset, in aka ambaci dambe, Shago da Ɗandunawa ne ke faɗo mana a rai, sai kuma muryar marigayi Ɗan Anace. Kowa ya san tun asali wasan mahauta ne. Ko a 1824, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Kano ya ba da wuri 2,000 don a yi masa dambe ya gani, mahauta ne suka fito, shi kuwa ya hana a yi na gaske don gudun kada a rasa rai.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a can Ingila ma an daɗe ana dambe da hannu tsirara, ko zare ba a naɗawa, kuma mahauci ne ya kawo ƙarshen babban zakaransu, Jack Broughton.

Broughton ɗan fito ne a kogin Landan kafin ya shiga fage. Da ya buɗe gidan dambensa a 1743, sai ya kafa dokoki 7. Ba a dukan wanda ya faɗi, ba a kama mutum ƙasa da ƙugu, wanda aka kayar kuma yana da daƙiƙa 30 ya miƙe ya dawo tsakiyar fage, in ya kasa an ci shi. A wajenmu da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, kuma a ganinmu tamu ta fi tausayin ɗan dambe. Shi ne kuma ya kawo safar hannu mai laushi, amma don atisaye kawai, saboda kada 'ya'yan masu kuɗi da yake koya wa su koma gida da kumburarriyar fuska.

A 1750 ya kara da Jack Slack, wani mahauci daga garin Norwich. Masu caca duk sun bi bayan Broughton. Sai Slack ya sakar masa naushi tsakanin idanu, suka kumbura har ya daina gani, cikin minti 14 aka tashi wasa. Ana cewa ubangidansa, ɗan Sarkin Ingila mai sarautar Cumberland, ya yi asarar fam 10,000 a ranar, kuma daga nan ya juya masa baya. Wanda ya bar idonsa a fage, shi ne aka yi fushi da shi saboda kuɗin wani! Ba a jima ba aka rufe gidan damben.

Bai sake fitowa fage ba. Ya rayu yana cikin dogaran fadar sarki har ya rasu a 1789, dokokinsa kuwa aka ci gaba da aiki da su har 1838.