Ɓeran Masar: Kula da Ƙaramar Mace Mai Ciki

Ɓeran Masar wata 'yar dabba ce mai gajerun ƙafafu, marar wutsiya, wadda ke rayuwa a kan ciyawa da ganyaye. Ko da yake Hausawa sun jingina sunanta ga Masar, asalinta daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru da Bolibiya suka daɗe suna kiwonta domin nama. A Ingila da Amurka kuwa, akan ajiye ta a gida ne don sha'awa, musamman saboda yara.

Matsalar da masu irin wannan kiwo suka fi cin karo da ita ita ce cikin da ba a shirya masa ba. Macen takan iya ɗaukar ciki tun tana da mako 4 zuwa 6 da haihuwa, kuma bambanta namiji da mace a wannan lokaci yana da wuya. Saboda haka sau da yawa mutum yakan sayo 'yar ƙarama daga kanti, bayan 'yan makonni sai ya ga cikinta ya buɗe ta gefe biyu, tana yawan ci da shan ruwa. Cikin yakan ɗauki kwana 59 zuwa 72, don haka kafin a farga an riga an ci rabin lokacin.

Abu na farko da ya wajaba shi ne a raba ta da namiji. Macen takan sake karɓar barbara cikin 'yan sa'o'i bayan ta haihu, kuma ciki a kan ciki yana iya halaka dabbar da ita kanta ba ta gama girma ba.

Abu na biyu shi ne abinci. Kamar ɗan Adam, jikin ɓeran Masar ba ya samar wa kansa bitamin C, sai ya samu daga abin da ya ci, kuma bukatar mai ciki ta ninka ta sauran. Tattasai da ɗanyen ganye suna biyan wannan bukata. Kada busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta su yanke mata dare da rana. Akan kuma ƙara mata ciyawar alfalfa, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana gina ƙashinta da na 'ya'yan.

Abu na uku shi ne kwanciyar hankali. Ba a yawan ɗaukarta, in kuma ya zama dole, sai a tallafe ƙirji da hannu ɗaya, gindi da ɗayan, ba tare da an matsa cikin ba. A ajiye kejinta a inuwa, domin zafin da ya kai digiri 30 yana iya kashe ta.

Makonni biyu na ƙarshe su ne mafi haɗari. Idan ta daina cin abinci, ta lafe wuri guda, to alama ce ta wata cuta da ke kama masu ciki, wadda kan kashe cikin kwana kaɗan. A nan babu jira, sai a garzaya wurin likitan dabbobi. Haka nan idan ta yi kamar minti 20 tana naƙuda ba ɗan da ya fito. Kada a ba ta maganin mutane, domin irin su fenisilin guba ne a gare ta.

Yawanci takan haifi 'ya'ya 2 zuwa 4. Sukan zo da gashi da haƙora, idanunsu a buɗe, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu sun fara taɓa ciyawa, ko da yake suna shan nono har mako 3. Da zarar sun kai wannan lokaci, sai a ware mazan daga uwar da 'yan'uwansu mata. Wanda ya yi sakaci da wannan mataki, bayan wata biyu zai sake samun kansa a inda ya fara, amma da masu ciki fiye da ɗaya.